Kumfar da Aka Cire Mini a Mansur

Tun da na dawo daga Saudiyya ba a bar ni na sha ruwa da daɗi ba. A ƙofar masallaci a tare ni, a ɗakin malamai a tare ni, har mai wankin motar layinmu sai da ya tambaye ni ko gaskiya ne na hau jirgi don in gwada abin da ido ba ya gani. Kowa ina ba shi guntu in ɓoye guntu. Abokan majalisarmu sun gane akwai inda nake tsallakewa, domin da na iso kan Makka sai in kauce in hau labarin sanyin Zamzam. To ga shi na rubuta gaba ɗaya, har da wurin da ba ya yi mini daɗi.

Dole in fara da abin da ya kai ni, in ba haka ba ba za a gane haukan da na yi ba. Ina koyar da fiziks a wata jami'a, ina kuma neman digirin dakta, shekara ta shida ke nan, wadda ita ce ta ƙarshe da doka ta yarda. Daktan da kuke kirana da shi na aro ne.

Akwai wasu ma'adinai masu ɓarewa falle-falle kamar albasa. Da salatif ake ɓare su, a manna a ɗaye, a manna a ɗaye, har a samu falle ɗaya tal da ba ya sake rabuwa. Sai a ɗauki fallen wani ma'adinin a ɗora kan na wani, amma ba daidai wa daida ba, a ɗan karkata shi kaɗan. Wanda ya taɓa haɗa rariya biyu ya ɗaga su a rana, ya ɗan juya ɗaya, ya san wani zane mai manyan gidaje yana bayyana wanda babu shi a jikin kowacce. Haka fallayen nan suke yi, kuma gidajen nasu tarko ne. In aka haska su, elektiron yakan yi tsalle ya bar gurbinsa, amma ba ya yin nisa, shi da gurbin suna jan juna suna tafiya tare. Wannan haɗin shi ake kira eksiton. A fallaye masu karkata, elektiron yana komawa falle guda, gurbin ya zauna a ɗayan, su faɗa ɗaya daga gidajen nan su daɗe a ciki, in sun sake haɗuwa su fitar da ɗan haske. Launin hasken shi ke gaya maka zurfin gidan da abin da karkatar ta haifar. Hasken nan nake nema. A'a, ba ya kawo wuta a unguwa, an sha tambayata.

Matsalar ita ce ba ya fitowa tas sai a sanyin da ya kusa ƙarshen sanyi, cikin wani inji da ba mu da shi, ba mu kuma da wutar da za ta riƙe shi ko da an ba mu kyauta. Wata jami'a a can Saudiyya, a bakin teku, ta ba ni kwana uku a kan nata. Samfuri ɗaya gare ni, wanda na yi wata bakwai ina haɗawa, ina lalatawa, ina sakewa. Yana zaune kan wani ɗan allo mai sheƙi kamar farcen babban yatsa, shi kansa bai kai kaurin gashi ba, na lulluɓe shi da wani falle na kariya na sa a 'yar akwatin roba. Yana da aibu guda da na sani na yi shiru: kumfa. Datti da iska sun maƙale tsakanin fallayen, tanderun da ake gasa irinsa a kore su kuwa ya mutu tun kafin a ɗauke ni aiki. Na ce in na je sai in lallaɓa in auna tsakanin kumfa da kumfa. Shugaban bincikena ya riga ya gaya mini, ba da wasa ba, cewa in na dawo ba hasken nan, shekara shida sun tafi.

Ba yadda za a yi ɗan Musulmi ya sauka Jidda ya wuce ɗakin bincike bai yi Umara ba, ko ni na yarda mahaifiyata ba za ta yarda ba. Ga kuma ƙanwar mahaifina, Gwaggo Hansai, da ta je aikin Hajji tun ban zo duniya ba ta zauna. Saboda haka na tsara kwana biyu a Makka kafin ranar injin.

A filin jirginmu aka fara. Mai binciken kaya ya ɗaga akwatin ya ce in buɗe. Na buɗe ina roƙonsa kada ya yi magana a kansa, saboda yawu. Ya harare ni, ya leƙa.

"Ina abin?"

"Yana kai, ranka ya daɗe."

"Ban gani ba."

"Ai ba a gani."

Ya kira abokin aikinsa ya ce masa ga wani zai fita da abin da ba a gani. Wancan ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya tambaya ko malamin jami'a ne. Da aka ce e, sai ya ce a bar ni in wuce, haka muke.

Sai da na tuɓe kaftani na ɗaura harami sannan na tuna abin da duk karatuna bai tuna mini ba, wato harami ba shi da aljihu. Na yi lissafin laima, na yi lissafin girgiza, na yi lissafin ƙura, ban yi lissafin aljihu ba. Akwai 'yar jaka a jikin ɗamarar da ake ɗaurawa, amma a kan tumbi take, inda gumina ya fi taruwa. Haka na shiga jirgi da akwati a tafin hannu kamar mai ɗauke da ƙwai, hannu ɗaya kuma yana fama da mayafi da ke zamewa. Wani dattijo ɗan Gumel da ke kusa da ni ya daure ya daure, da muka ci rabin tafiya ya kasa, ya ce, "Yaro, haƙorin Makka ne? Ai can ake sayowa, kai kuma ka taho da naka daga gida." Na fara yi masa bayanin elektiron da gurbi. Kafin in kai ga rariya ya yi barci.

A Jidda ba a wahalar da ni ba, an ɗauki hoton yatsuna, an duba wasiƙar jami'ar, an miƙo mini fasfo ba tare da an dubi fuskata ba. Wahalar a wajen mota take. Na tari wani direba na zuba masa Larabcin da na koyo a Islamiyya, da wasulla da tanwini cif-cif, kamar mai huɗuba. Ya bari na kai aya sannan ya ce, "Malam, yi Hausa kawai, ni ɗan Damagaram ne. Larabcin nan naka tun zamanin sahabbai rabon da a ji shi a tasha." Ya yi ta dariya har muka fita gari.

Babu wanda ya zo tarye na daga gidan Gwaggo, ban kuma yi tsammani ba. Ɗanta Bakur a Makka aka haife shi, ya haura shekara talatin da biyar, yana da mata da 'ya'ya mata biyu, amma ba shi da takardar zama, iƙama kamar yadda suke cewa. Ba ya bin hanyar da ke da shingen bincike. Duk danginmu sun san wannan, kuma duk danginmu sun san ba a faɗa.

Unguwar Mansur ta Makka kuwa, inda Gwaggo take, in ka rufe ido ka bar hanci ya yi aiki, sai ka rantse Fagge kake. Daddawa, soyayyen kifi, turaren wuta. In ka buɗe ido sai ka ga allunan Larabci da lunguna masu hawa dutse, da mata zaune bakin hanya da kulolin waina da fura a leda. Kowa yana Hausa, amma Hausar da ta sha Larabci ta ƙoshi. Gwaggo tana hawa na uku a wani tsohon gini, ɗaki biyu da kicin, da na'urar sanyi mai ƙara fiye da aiki. Sunan mahaifinta na ci, don haka ba ta faɗin sunana.

"Babana! Ahlan, ahlan, ya marhaba! Esh wannan rama haka? Ba sa ba ka akil, ba abinci a Najeriya? Fadal, fadal, zauna."

Na baro miyar kuka a Kano na tarar da ita a Makka tana jirana, da tuwon shinkafa, ga kuma wani faranti na shinkafa ja da kaza guda kwance a kai kamar an yi mata shimfiɗa. Bayan nan aka kawo gahawa, ruwan ɗorawa, mai ɗaci, a wani ɗan kofi da bai kai kurɓa biyu ba. Ina shanyewa ana ƙarawa, ina shanyewa ana ƙarawa, ni kuma kunya ta hana ni cewa ya isa. Sai a kofi na shida matar Bakur ta tausaya ta gaya mini girgiza kofin ake yi. Mu a gida ka ce "Alhamdu lillahi" an gane, su sai ka yi rawa da hannu.

Gwaggo ta ga akwatin ta ce in kawo ta adana mini a kabad. Na leƙa kabad ɗin, nan take ajiye turarukanta. Ga tururin kicin, ga hayaƙin kasko, ga jikoki biyu masu hannu kamar ƙugiya. Ɗawafi kuma da akwati a hannu cikin wannan cunkoso, gara in jefa shi a titi in huta. Ina cikin wannan tunani Bakur ya shigo cin abinci, dogo, cikin farar jallabiya, da tabon ƙuna a yatsu. Ɗan gwaggo ne, abokin wasa, bai taɓa ganina ba sai a waya, amma bai ɓata lokaci ba.

"Ya Duktur! Kai ne mai ilimin? Wallahi na zaci kana da tsawo. Esh wannan a hannunka, laya?" Da ya ji matsalar ya ce, "Mafi mushkila. Kawo mahal, akwai mukayyif, na'urar sanyi, sanyi marra. In sa maka a durowa."

Mahal ɗin shagon gyaran waya ne, siriri kamar soro, na wani Bahaushen Makka ɗan ƙasa, dattijo, ana ce masa Ammu Salih. Shi yana gaba wajen ciniki, Bakur yana can ciki bayan kanta. Na shiga da raini na fito da hassada. Madubin ƙara girmansa mai allo ya fi na ɗakin bincikenmu. Ga faranti mai zafi na ɗaye gilashi, ga bindigar iska mai zafi, ga wata tukunyar ƙarfe mai murfi da ake sa waya a ciki a matse ta da iska har kumfar da ke ƙarƙashin sabon gilashi ta fita. Da na rufe bakina na sa akwatin a durowa, da yanzu ba ni da labari. Amma malamin jami'a bai iya ganin madubi ya wuce ba. Na buɗe, na ɗora samfurin, na nuna masa a allo, ina ta bayani da hannu. Ya saurara, ya ƙura ido, ya nuna da tsinken aikinsa.

"Wannan ɗigo-ɗigon fa?"

"Kumfa ce. Ba komai."

"Ba komai? Ya shekh, in na ba zabun, mai kawo gyara, wayarsa da wannan kumfa, da ita zai jefe ni. Shugul ɗin wa ne, aikin nan?"

"Nawa ne. Kuma ba gilashin waya ba ne, Bakur. Abu ne da ya fi ƙarfin shago. Kada ya sha zafi, kada ya sha ƙura, kada ka buɗe."

"Tayyib," in ji shi. Na lura bai ce to ba, amma na ɗauka ma'anarsu ɗaya.

Umara ba zan yi mata ba'a ba. Da na hango Ka'aba hawaye suka zubo mini, kuma karo na farko cikin wata bakwai na manta da akwatin nan sarai. Sai a zagaye na uku, da wata tawagar mata da suka sarƙe hannuwa suka bi ta kaina kamar motar daɓe titi, na gode wa Allah da ba ya hannuna. Na yi addu'a ga iyaye, ga iyali, sannan na daɗe a kan eksiton, ina fatan mala'iku sun san kalmar. Na yi Safa da Marwa, wanzami ya kwashe mini kai kafin in gyara zama, na sa kaftanina mai aljihu biyu, na nufi shago bayan La'asar ina jin kaina sabo fil.

Na tarar da shagon a cike. Ammu Salih na ciniki, mutum uku ko huɗu na jira, ciki har da wani mai farar jallabiya da jan rawani da bai yi kama da 'yan unguwar ba. Bakur ya hango ni ya washe baki.

"Umara maƙbula, ya Duktur! Ta'al, zo ka ga hadiyya."

Ya ɗora samfurin a madubi. Ban ma dubi allon da kyau ba, kunnena ne ya fara ji. Wai ya sa shi a tukunyar cire kumfa, bai gamsu ba, ya ɗora a faranti, ya bi shi da bindigar iska "shwayya shwayya". Zafi da matsi, a kan abin da na hana mai binciken kaya ya yi wa numfashi. Kuma na san zafi yana iya sa fallen sama ya murɗa ya koma daidai da na ƙasa, karkatar da na yi wata bakwai ina nema ta gudu.

Abin da na faɗa da Hausa ba shi da daɗi, amma na cikin gida ne: jahili, mai shisshigi, wanda bai san bambancin ilimi da faci ba. Ya yi dariya, ya zaci wasan taubasai ne. Dariyar ce ta ƙarasa ni. Sai Larabcin Islamiyyar nan, wanda ya kasa samo mini mota a Jidda, ya zo bakina tsaf, ba kuskuren wasali ko ɗaya, da murya irin ta aji mai ɗalibi ɗari uku. Na ce mutumin da ko iƙama ba shi da ita, wanda ke ɓuya bayan kanta yana aikin da doka ba ta ba shi ba, shi ne zai sa hannu a aikin masana?

Mai jan rawanin ya juyo ya dubi Bakur, ya dubi Ammu Salih, ya karɓi wayarsa ya fita. Bakur ya rufe akwatin a hankali, ya goge murfin da gefen hannun rigarsa, ya miƙo mini da hannu biyu. Awa ɗaya ke nan da gama Umarata.

Ban koma na zauna gidan Gwaggo ba. Na ɗauki jakata na ce mata an matso da ranar aiki, na kama ɗaki a Rusaifa kusa da tashar jirgin ƙasa. A lokacin ban ji na yi laifi ba, in faɗa muku gaskiya. Tausayin kaina nake ji, ina tsara yadda zan gaya wa shugaban bincikena cewa wani ɗan gyaran waya ya kashe mini digiri. Har na ɗan ji sanyi, domin na samu wanda zan ɗora wa.

Jami'ar kuwa wata duniya ce. Ƙofa ba ta buɗuwa sai ka nuna mata kati, mutane suna magana ƙasa-ƙasa kamar gidan makoki, a wurin cin abinci a ɗibar maka ganye ɗanye a ce ka ci rana. Mai kula da injin wata 'yar Tunisiya ce, Dakta Nadiya, ba ta da yawan magana, ba ta kuma da lokacin labari. Na fara share fage cewa samfurin ya sha wahalar hanya. Ta karɓa ta sa a madubinta, ta daɗe tana kallo, ni kuma ina kallon takalmina. Sai ta juyo allon. Ɗigo-ɗigon nan duk sun tattaru sun koma ƙulli biyu a can gefe, tsakiyar ta zama fili fes, ba tabo.

Yini guda injin ya ɗauka yana saukar da sanyi. A rana ta biyu ta kunna hasken lesa ta saita shi a tsakiyar filin. Wani tudu ya taso a allo daidai inda littafi ya ce hasken eksiton mai raba ƙafa tsakanin falle biyu zai fito. Ta yi ta rage ƙarfin lesar, tana ragewa, sai tudun ya tsattsage ya koma layuka sirara a jere kamar haƙoran matsefi, kowane layi eksiton ne da ya maƙale a gidansa. Ta kunna maganaɗisu, kowane layi ya rabu biyu, duk da tazara iri ɗaya. Karkatar ba ta gudu ba. Fallayen ne da can ba su manne da juna ba saboda datti, yanzu sun manne. Farin ciki na yi, irin wanda ban taɓa yi ba ko ranar aurena, kada matata ta ji.

Dakta Nadiya ta ce samfura da yawa sun ratsa injin nan, kaɗan ne suka yi tsabtar wannan. Ta tambaya yadda na gasa shi.

Nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Na gyara murya na ce wata hanya ce da muka ƙirƙiro a ɗakin bincikenmu, ta haɗa matsi da zafi. "Muka" ɗin nan har yau yana tsaya mini a wuya. Ta ce madalla, ta jawo takarda ta ce in rubuta mata: zafi nawa, matsi nawa, minti nawa, wanne ya riga wanne. Ta ƙara da cewa samfuri ɗaya ba sakamako ba ne, sa'a ce. In na kawo biyu da aka yi ta hanya ɗaya suka ba da layukan nan, za su sake ba ni injin, kuma aikin ya isa digiri har da saura. Na ce lambobin suna cikin littafina a gida, zan aiko.

Saura kwana ɗaya jirgina ya tashi, na koma Mansur da hantsi, da ledar dabino mai tsada a hannu, ina maimaita jawabin da zan yi. Na fara da shago, na leƙa bayan kanta, wani ɗan Bangaladash ne a kujerar Bakur. Ammu Salih bai amsa sallamata da fara'a ba.

"Bakur yana bait, yana gida," in ji shi. "Ya Duktur, kai baƙo ne, ka yi ihunka ka hau jirgi. Ni mahal ɗina ne. Mutumin nan da ke tsaye ranar, ban san ko wane ne ba, yimkin ba kowa ba ne, yimkin kowa ne. In aka zo, ni za a rufe wa ƙofa. Shekara tara yana zaune a kujerar nan, duk hara, unguwa kaf, sun sani, ba wanda ya taɓa faɗa da ƙarfi. Khalas, sai ƙura ta lafa, in ta lafa."

Hawa ukun nan na gidan Gwaggo sun yi mini tsawo. Ta buɗe ƙofa ta ce, "Sannu da zuwa, Dakta," ta karɓi dabinon ta ajiye a kan firij ba ta duba ba, ta shige kicin. Bakur yana zaune a ƙasa da singileti, ya baje wata tsohuwar fanka ta maƙwabta yana kwancewa, bindigar iskarsa na gefe a cikin kwali, ita kaɗai ce tasa a duk kayan shagon.

Na so in ce muku da ban haƙuri na fara. Ba da shi na fara ba. Na zauna na ba shi labarin layukan, na nuna masa hoton a waya, ya karɓa ya buɗa shi da yatsa biyu ya daɗe yana kallo.

"Yani ya yi?"

"Ya yi. Ya fi yadda nake fata."

"Alhamdu lillah. Na ce maka kumfa ba ta da kyau."

Sai na zaro takardar Dakta Nadiya da biro. Na tambaye shi zafi nawa ya sa. Ya ce ba ya duba lamba, bayan hannunsa yake karawa, in ya ji ya fara cizo ya ɗan ja baya. Minti nawa? Ya yi tunani, ya ce ya zuba shayi lokacin da ya fara, da ya gama shayin ya huce amma bai yi sanyi ba. Matsin tukunyar fa? Yadda take tun da Ammu Salih ya sayo ta, allurar ma ta karye. Ta yaya ya san ya isa? Ya ce yana kallon kumfar a allo, in ta fara tafiya sai ka bi ta a baya kana kora ta gefe, in ka matsa mata ta fashe, in ka sake ta ta tsaya. Na dubi takardar, layi huɗu, ba abin da zan iya rubutawa a ko ɗaya.

A nan ne kunya ta kama ni, ta gaske, wadda ta makara da kwana huɗu. Na ce, "Yaya Bakur, na cuce ka. Ka yafe mini." Na ce zan je in roƙi Ammu Salih, ya ce in bar dattijo ya huta. Na ce to zan sa sunansa a cikin aikin, a rubuta cewa shi ya gano hanyar, duniya ta gani. Ya ɗago da sauri, karo na farko da na ga tsoro a fuskarsa.

"La, la, la. Sunana da sunan Makka a waraƙa ɗaya? Ya isa, ya Duktur. Wanda ka faɗa da baki ma ya isa."

Ya mayar da kansa kan fankar, ya ɗaure wata ƙusa, ya juya fiffiken da yatsa ya ga yana tafiya. Daga kicin ina jin Gwaggo tana kankare tukunya da ƙarfin da tukunyar ba ta buƙata. Na naɗe takardar na sa a aljihu, na rasa ta inda ake tashi a irin wannan zama. Shi ne ya taimake ni, ba tare da ya dube ni ba.

"Guda biyu ta ce, ko? Ka haɗa ka kawo, in yi maka. Mafi mushkila. Ai dahin, yanzu kam, ina da lokaci."